Na yi wa motar da ke kai gawar unguwarmu waldar ƙarfen tsere

Assalamu alaikum 'yan gida, manya da ƙanana. Admin ka rufa min asiri, kar sunana ko lambata su fita, don a Garwa kowa ya san ɗan wane da 'yar wane. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙasa kafin ku fara zagi, ni ban iya kwana-kwana ba, yadda abin ya faru haka zan zuba muku shi. Sunayen da za ku gani duk na canza su.

Ni budurwa ce, na yi lise, wato sakandare, har ajin ƙarshe, jarrabawar bak ta ƙi ni, ni ma na ƙi ta, na buɗe ɗan kiyos na tura kuɗi a waya a bakin titi. Babana mahauci ne, tsakanin mayanka da kasuwa ya tsufa, yanzu ya ajiye wuƙa saboda ido, abin da ya rage masa kawai ya bambance haske da duhu. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake ce min, bai taɓa kiran sunana na yanka ba. Yayyena maza sun yi nisa, ɗaya Duwala ɗaya Marwa, ni ce na yi permi, lasisin tuƙi, ni ce nake kai Inna asibiti da kasuwa, shi ya sa da idonsa ya tafi ya damƙa min makullin motarsa.

Motar tsohuwar familiyal ce, doguwa, irin wadda ƙofar bayanta take ɗagawa sama. Kuma ga abin da dole ku gane tun yanzu. Tun kafin a haife ni Baba ya yi wa Allah alkawari cewa duk wanda ya rasu a unguwarmu wannan motar ce za ta kai shi makwanci, saboda maƙabartar kusa ta cika tuntuni, sabuwar kuma tana can bayan gari. Ba a ma roƙo, zuwa ake yi a ce a ba da makulli. A kwantar da kujerun baya, a zura makara har ta taɓa bayan kujerun gaba, a ɗaure ƙofar baya da igiya, Baba ya zauna gaba, kawuna Sale ƙanin Inna ya ja, jama'a su bi a babura. Ko kuɗin mai Baba bai taɓa karɓa ba. Na tashi ina ganin wannan, ba zan ce ban sani ba.

Wata ƙawata ta lise ce ta fara jana kallon tsere. Akwai wani fili a bayan gari da masu son mota suke haɗuwa ranar Lahadi, ba wasu ƙwararru ba ne, 'yan kasuwa ne da makanikai da 'ya'yan masu hali. Motoci biyu su jeru, a ɗaga tuta, wanda ya riga kai layi shi ya ci. Ranar farko ina tsaye ƙura tana shiga min baki, wallahi ji na yi kamar an kira sunana. A nan na haɗu da Metir Hamadu, makaniken da yake shirya wa yawancinsu motoci. Ya zagaya familiyal ɗin Baba yana dariya, ya ce Hajiya ta kawo mana motar kai amarya. Na ce buɗe gaban ka gani kafin ka yi surutu. Da ya buɗe ya ji ƙarar injin sai dariyar ta tsaya, ya ce injin ɗin nan lafiyarsa lau, nauyi ne kawai ya danne ta, a rage mata kaya za ta ba mutane mamaki.

Haka muka fara, kuma da farko babu abin da muka yi wanda ba ya komawa. Ranar Asabar in kai ta garaj a cire kujerun baya da kafet da tayar sifiya da duk wani tarkace, Lahadi da yamma a mayar da komai, in dawo da ita gida kamar ba ita ba. Aka wanke karbureto, aka canza filogi, aka sa birki sabo, aka sa mata tayoyi masu ɗan faɗi. Duk daga aljihuna, ban taɓa kuɗin kowa ba. Baba har yabona yake yi, wai tun da motar nan ta shiga hannun Uwata ta daina tari da safe. Inna ta san ina zuwa filin, ta ɗauka kallo nake yi, ni kuma ban gyara mata ba.

Na fara shiga layi. An cinye ni, an kuma cinye ni, sannan wata Lahadi na bar wani ɗan gayu da motarsa mai sheƙi a baya, a gaban abokansa da budurwarsa. Ya fito yana cewa giyarsa ce ta maƙale, na ce je ka gaya wa mamanka. Daga ranar suka daina ce min Hajiya mai motar amarya. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, duk rayuwata ni ce wadda ta faɗi jarrabawa, wadda ba ta da haƙuri, wadda bakinta zai hana ta miji, sai ga wuri ɗaya da rashin haƙurin nan ya zama abin tafi.

Akwai wani abu da ya ƙara min ƙarfin gwiwa. Wata Asabar an riga an cire kujeru sai wata tsohuwa ta rasu a layinmu. Na kawo motar haka babu komai a bayanta, sai ga shi makarar ta shige sumul fiye da kullum. Kawu Sale har cewa ya yi wa ya yi wannan dabarar, Allah ya yi masa albarka. Na ce a raina ka ga, tsere bai hana alkawarin Baba ba, ya ma taimaka masa.

Sai aka ce za a yi babban tsere na zagaye, mai kwana-kwana a kan jar ƙasa, har daga Marwa da Kaele za a zo. Masu shirya shi suka kafa doka, saboda an taɓa samun motar da ta kife, cewa babu mai shiga sai da hular kwano da abin kashe wuta da arso. Arso kejin bututun ƙarfe ne da ake kafawa a cikin mota, in ta juya rufin ba zai danne direba ba. Metir Hamadu ya ce iri biyu ne, akwai na ɗauri da bulon, wato noti, wanda ake kwancewa a fitar, amma faranti da bulon ɗin kirki sai an yi odarsu daga Duwala, ba za su iso kafin tseren ba. Akwai kuma na walda, shi wannan da kansa zai lanƙwasa bututun ya liƙe shi da jikin motar a cikin satin. Ban bari ya rufe baki ba na ce walda. Ya ce ki yi tunani, na ce kai malamin makaranta ne ko makanike, yi abin da aka sa ka. Shi ma daɗi ya ji, don yana son sunan garajinsa ya fita. Tun da an fara ɓarin sai muka ƙarasa, aka cire salansa aka sa bututu miƙaƙƙe mai ihu, aka cire kujerun gaba biyu aka sa min guda ɗaya mai zurfi ta tsere. Tsofaffin kujerun wani direban tasha mai zuwa Mokolo ya gani yana so, na ce ya ɗauka, sai daga baya in nemi wasu. Na ce wa Baba injin ne ake saukewa, motar za ta kwana biyu a garaj. Ya ce Allah ya yi miki albarka Uwata.

Ranar da aka gama na je na ɗaga ƙofar baya. Bututu biyu sun sauko daga rufi zuwa kan tayoyin baya, wasu biyu sun gitta a tsakaninsu, sun tare tsakiyar motar gaba ɗaya. Ina gani na gane. Babu wanda ya gaya min, ni da idona na ga makara ba za ta wuce nan ba. Kun san abin da na yi? Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai, ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku. Na zauna a kan tsohuwar taya a garaj ɗin na bi gidajen unguwarmu ɗaya bayan ɗaya a kaina, ina duba wa yake kwance, wa ya tsufa sosai. Na ga babu wanda yake jin jiki. Na ce to, Lahadi ce kawai, bayan tsere sai in san yadda zan yi. Haka na yi, kamar ni nake riƙe da ran mutane.

Baffa Iro aminin Baba ne tun suna samari, tebur ɗinsu ɗaya a kasuwa, shi ne yake zuwa kullum ya riƙo hannun Baba su tafi masallaci yana tsokanarsa wai ango ga rami nan. Mutum ne mai ƙarfi, ko ciwon kai ban taɓa jin ya yi ba. Sun daɗe suna wasa cewa duk wanda ya riga tafiya ɗayan zai raka shi a familiyal, Baffa Iro yana cewa Baba ya tabbata an zuba mai, kar a tsaya da shi a hanya rana ta dafa shi. Ranar Asabar ɗin da ake gobe tsere, da hantsi, ya yanke jiki ya faɗi a bakin teburinsa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Kawu Sale ya kira ni ya ce a kawo mota yanzu, bayan azahar za a fita da shi. Da na ce masa injin yana ƙasa, da an nemi wata tun da wuri, da duk wannan bai faru ba. Amma tsoro ya rufe min kai, na ce ƙila in an karkata ta za ta shiga. Na ɓare lambar tseren da muka manna a ƙofa, na ja mota na taho. Tun daga bakin layi mutane suke juyowa saboda ihun bututun, ina ƙoƙarin tafiya a hankali amma abin ba ya jin lallashi. Na tsaya a ƙofar gidan rasuwar, na miƙa wa Kawu makulli, na shige cikin mata, na tsaya a bayan ƙyaure ina leƙe.

An yi wa Baffa Iro salla, aka ɗauko shi. Kawu ya ɗaga ƙofar baya, na ga ya tsaya cak, amma masu makara sun riga sun iso, suka zura. Ƙarfe ya daki ƙarfe. Har yanzu ina jin ƙarar nan in na rufe ido. Suka ja baya suka sake turawa, ta sake dukan wurin. Wani ya ce a karkata, aka karkata, sai gawar ta zame gefe a cikin makarar, babban ɗansa Mustafa ya yi wani irin salati da ƙarfi ya rungume ta. Liman ya ce ya isa, a fito da bawan Allah. Aka ɗauke shi a kafaɗa cikin zafin ranar nan ta Garwa har bakin kwalta, ana ta kiran masu a-kori-kura babu wanda yake kusa, ƙarshe keken da ake ɗauko nama da shi daga mayanka aka wanke aka shimfiɗa tabarma. A cikinsa aka kai Baffa Iro, ƙafar makarar tana waje, mutane suna riƙe da ita a kan babura.

Baba bai ga ko ɗaya ba, bai kuma ji dukan ƙarfen ba. Ana idar da sallar ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, jininsa ya hau, aka shigar da shi gidan maƙwabci aka kwantar. Kawu Sale ne ya ce masa motar ta ƙi tashi, dattawan da ke wurin suka yi shiru, shi ke nan maganar ta zauna a haka. Da yamma ina ba shi magani ya ce, Uwata, wai wane marar tarbiyya ne ya zo yana ta da ƙarar inji a ƙofar gidan rasuwa, iyayensa ba su koya masa komai ba? Na ce ban sani ba Baba. Motarsa ce bai gane muryarta ba.

Inna ba ta dake ni ba, da ta dake ni da ya fi min sauƙi. Ta ja ni ɗaki ta ce ita ba ta haifi 'yar da za ta tozarta gawa ba, ta ce duk matan da ke gidan rasuwar sun gani, da wane ido za ta je gaisuwar uku. Ni kuma da bakin nan nawa na ce ai ban kashe shi ba. Ina faɗa na so ƙasa ta tsage. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Mustafa in ya hango ni a kiyos tsallaka titi yake yi. Goggo Asabe matar marigayin, da na je na durƙusa, ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi Allah ya shirya, ta juya ta ci gaba da jan carbinta. Ban je tseren ba. Amma don kar in yi muku ƙarya, ranar Lahadin da yamma na buɗe waya na duba wa ya ci, na ga ɗan gayun nan ne, har raina ya ɓaci. Ku ga irin zuciyar da nake fama da ita.

Abin da yake kashe ni yanzu shi ne Baba ya ɗora laifin a kansa. Cewa yake yi shi ne ya yi sakaci, tun idonsa yana gani ya kamata ya canza injin, ya bar wa yarinya tsohuwar mota tana wahala da ita. Kullum sai an riƙo hannunsa an kai shi gidan Baffa Iro, ya zauna a gaban Mustafa da ƙannensa yana cewa ku yafe min, na ci amanar ubanku, rana ɗaya da ya buƙace ni ban fito ba. Dattijo mai furfura yana hawaye a gaban yaran da ya yi wa yankan suna, su kuma sun san gaskiya, dole su ce ba komai Baba, ƙaddara ce. Unguwa guda take yi masa ƙarya saboda ni. Har yara ƙanana sun sani, jiya na ji wasu suna wasa a layi, ɗaya yana kwaikwayon ƙarar motar, sai da na leƙa na ga ko Baba yana zaure.

Inna ta ce in na kuskura na gaya masa jininsa ya hau ya faɗi, ita da ni har abada. Kawu Sale kuma ya ce shi ya yi ƙaryar nan ne don ranar kawai, ba zai ci gaba da kallon mutum yana neman gafarar laifin da bai yi ba, in ban faɗa ba wata rana a bakin wani zai ji a masallaci, wannan kuma ya fi muni. Sun yi ta musu a tsakar gida da murya ƙasa-ƙasa, kowa yana nuna ni da baki.

Na koma wurin Metir Hamadu na ce a yanke arson. Na yanke shawarar wannan kam, ba shi nake tambayarku ba. Ya ce yankewa ba wuya, amma ƙafafun arson a kan mazaunin kujerun baya aka kafa su, an ƙone wurin ɗaurin, sai an sake ƙera shi. Rufin ciki an yage, kafet an yanka, kujerun kuma suna can suna zirga-zirga a hanyar Mokolo, direban ma wayarsa ba ta shiga. Ya ce ko ya bar duk aikin da ke gabansa ba za ta dawo mota cikin satin nan ba, kuma ko ta dawo ba za ta zama yadda take ba. Na yi masa masifa, ya ce Hajiya ni na tambaye ki. Gaskiyarsa ne.

To ga inda nake. Shekaranjiya bayan la'asar Baba ya kira ni ya ce in matsa wa makaniken nan, ko da tura ta za a yi, ranar Juma'a in an sauko yana so in kai shi maƙabarta a cikin familiyal. Ya ce tun da ba ta kai Iro ba, to ta je inda yake ko a makare, ya tsaya a kansa ya yi masa addu'a ya nemi yafiyarsa. Na ce Kawu zai samo wata motar, ya ce a'a, wannan ɗin dai, kuma ke za ki ja, ki jira ni a bakin ƙofa, don hannunki kaɗai na yarda da shi. Yau Laraba.

Baba ba ya gani amma hannunsa yana gani. Yana buɗe ƙofa zai lalubi kujerarsa ya ji babu, ya ɗaga hannu ya kama bututu. Zan iya cewa motar ba ta gyaru ba in sayi wani satin, amma kowace rana da na ƙara sai ya sake zuwa ya durƙusar da kansa a gaban su Mustafa. Zan iya barin Kawu ya gaya masa, amma ni na yi, kuma na san in ta bakin wani ya ji ba zai sake ce min Uwata ba. In kuma ni na faɗa, jininsa ya hau a gabana, ban san yadda zan rayu da wannan ba.

Masu iyaye tsofaffi, da ma'aikatan asibiti in akwai a gidan nan, da malamai, ku taimake ni. In faɗa masa kafin Juma'a ko in bi maganar Inna? In faɗa ɗin ne, ni kaɗai zan shiga ko in kira Liman ya zauna, kafin ya sha maganinsa ko bayan ya sha? Tun jiya nake zuwa ƙofar ɗakinsa in tsaya, ya ji motsina ya ce wane ne, in ce ni ce Baba, ruwa na kawo. Ni da ba a taɓa rufe min baki ba, na rasa kalmar farko. Ku gaya min da me zan fara.